HANNUN DA KE JAN TSIRKIYA SHI KE RIƘE FARTANYA

Jama'a manoma, amfanin gona ya shiga rumbu, hunturu ya kankama, ciyawa ta bushe. A irin wannan lokaci ne samari su kan sauko da bakan da ke rataye a ɗaki tun farkon damina, su karkaɗe kwari, su fita bayan gari gwada hannu kafin a buga gangar farauta. Wannan al'ada ce mai kyau, ba mu da ta cewa a kanta. Wanda bai koyi harbi da rani ba, ba shi zai kori biri da gadu daga gonarsa da damina ba. Amma akwai abu guda cikin yadda a ke koyon nan wanda ya kamata a gyara, shi ne abin da za mu tattauna a filinmu na wannan mako.

Maganar a taƙaice ita ce, kada kowa ya koyi harbi da kibiyar da a ke shiga daji da ita. Kibiyar koyo dabam, kibiyar farauta dabam. Ta koyo ba ta bukatar kunne, ba ta bukatar kaifi, balle dafi. Wanda ya saki kibiya hamsin a yammaci guda don hannunsa ya faɗa, sau hamsin ke nan bakin ƙarfe ya wuce ta kan yatsunsa na hagu. A daji kuwa sai mutum ya yini bai saki uku ba. Ashe ke nan hannu ya fi shiga hatsari a bayan gari bisa cikin daji, ko da ya ke mutane ba su ɗauke shi haka ba.

ABIN DA RAUNIN HANNU KE CI WA MANOMI

Yawancin maharbanmu ba su da wata sana'a da ta wuce noma. Farauta aikin rani ce, noma shi ne tushe. Sabo da haka in za a auna raunin kibiya, kada a auna shi da yawan jinin da ya zuba, a auna shi da daminar da zai ci.

Hannun mutum, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, yana da ƙasusuwa 27. A tsakaninsu akwai jijiyoyi iri uku: na jini, da na ji, da waɗansu masu kama da igiya waɗanda ke jan yatsa ya lanƙwashe ko ya miƙe. Duk waɗannan suna kwance dab da fata, babu wani nama mai kauri da ya rufe su kamar na cinya. Kibiyar da za ta shiga cinya ta fita ba ta yi wata ɓarna ba, in ta shiga tafin hannu da wuya ta rasa abin da za ta tsinka.

Jijiyar da ke jan yatsa a ɗame ta ke kamar tsirkiya. In ta tsinke, bakin nan biyu su kan ja da baya, ba su haɗuwa da kansu ko da fatar waje ta warke sumul. Sai likita ya buɗe ya ɗinke, kuma an fi samun nasara in an yi ɗinkin cikin 'yan kwanakin farko. Bayan ɗinki a kan ɗaure hannun kamar mako 6, ba a yarda mutum ya koma aiki mai nauyi sai wajen mako 12.

To, mu yi lissafi. A ƙasar Kano da Katsina ruwan shuka ya kan sauka daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuni. Wanda ya ji rauni a farkon Afrilu, mako 12 ya kai shi ƙarshen Yuni. Sharar gona ta wuce shi, kai taki ya wuce shi, shuka ta wuce shi, noman firi ma sai dai ya tsaya a bakin gona yana kallo. Ko dai ya sayar da akuya ya biya 'yan ƙwadago, ko ya bar ciyawa ta cinye gero. Wannan fa shi ne wanda ya yi sa'a ya je asibiti da wuri. Wanda ya zauna gida, yatsa ya sandare, shi da riƙon ƙotar fartanya sosai har abada. Duk wannan a kan kibiya ɗaya da a ka harba wa damin kara.

YADDA KIBIYA KE CIN MAI ITA

Mutane su kan ce tsautsayi ne. Gaskiya ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma in an duba, hanyoyin da ya ke bi ya shigo sanannu ne, kuma kowacce tana da murfi.

Ta farko ita ce tsagaggen kyauro. Sa'ad da a ka saki tsirkiya, ƙarfin baka duka a gindin kibiya ya ke sauka, ga ƙarfe mai nauyi a gaba bai riga ya motsa ba. Don haka kyauro ya kan ɗan lanƙwashe kafin ya tashi. Lafiyayye ya lanƙwashe ya miƙe ya wuce. Wanda iskar hunturu ta busar ya tsage, ko ƙwaro ya huda, ko ya taɓa bugun dutse, a nan ya ke karyewa biyu. Rabin gaba ya tafi inda ya ga dama, rabin baya kuwa tsirkiya ta tura shi cikin hannun da ke riƙe da baka, tsakanin babban yatsa da manuniya, ya bar sartse a ciki. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Kafin ka ɗora kibiya, ka dube ta daga baki har gindi. Ka kama ta da hannu biyu ka ɗan tanƙwara ta a hankali kusa da kunnenka, kana juya ta. In ka ji ƙas, ta mutu. Ka kuma shafa ta da ɗan sawun auduga, duk inda audugar ta maƙale akwai tsaga. Wadda ta faɗi wannan gwaji, cire ƙarfen ka karya kyauron nan take, kada ka jingine shi wani yaro ya ɗauka.

Ko a Amurka da Turai, inda masu farauta ke harba kibau na wani abu mai ƙarfi da a ke kira kabon, masu ƙera su suna gargaɗi a tanƙwara kowace kibiya a saurara kafin a harba, domin in ta fashe sartsenta ya kan shige hannu kamar allurai. In kabon na masana'anta na bukatar dubawa, ina ga kyauron fadama?

Ta biyu ita ce gajeriyar kibiya. Kibanmu dama gajeru ne. In dogon mutum ya ari kwarin ƙanensa ya ja tsirkiya iyakar ƙarfinsa, bakin ƙarfen ya kan zamo baya ya faɗo cikin baka, ya tsaya daidai saitin hannun hagu. Yana saki, shi ke nan. Kowane mai koyo a auna masa kibiya da tsawon hannunsa. In ya ja har inda ya saba tsayawa, ƙarfen ya rage a gaban baka da faɗin yatsa biyu ko uku. Aron kibiya ba tare da aunawa ba, a daina.

Ta uku ita ce sakakken ɗauri. Wutsiyar ƙarfen a cikin kyauro ta ke, ɗaurin agara ko zare shi ke hana ta tsaga shi. Haka kuma gindin kibiya inda tsirkiya ke zama. In ɗaurin ya warware a gaba, ƙarfe ya fasa kyauro. In ya warware a baya, tsirkiya ta raba kibiyar biyu kamar an sa wuƙa. Ka girgiza ƙarfen da yatsa, in ya motsa, a sake ɗauri.

Ta huɗu ita ce tsirkiya kanta. Ta kan doki cikin hannun hagu, sama da wuyan hannu, ta ɗaye fata. Ta kan kuma yanka yatsun da ke janta, musamman da hunturu da fata ke tsattsagewa. Wannan rauni ƙanƙane ne, amma shi ke sa mai koyo ya riƙa janye hannu lokacin saki, kibiya ta kauce, shi ne kuma ƙofar da dafi da datti ke shiga. Baduku zai yanka maka guntun ƙirgi mai faɗin tafin hannu ka ɗaura a wuyan hannu, da wani ɗan ƙarami na yatsu. Har wa yau kada a ja baka a saki ba kibiya, gama ƙarfin da ya kamata kibiya ta ɗauka ya kan koma cikin itacen, ya karye a hannun mutum.

Ta biyar ba wajen harbi ta ke aukuwa ba. Wajen zaro kibiya ne daga abin da a ka harba, ko cusa hannu cikin kwari ba a duba ba, ko wasa ƙarfe da magagari ana turo hannu wajen kaifi, ko gudu da kibau a hannu a yi tuntuɓe. Abin harbi ya zama mai taushi: buhun ɓuntun shinkafa, ko damin ciyawa, ko tudun yashi. Ban da kututturen itace, ban da bango, ban da suri, don su ke tsaga kyauro, wani lokaci ma su maido kibiya baya. In za ka zare, dafa buhun da hannu ɗaya, ka kama kibiyar dab da inda ta shiga da ɗayan, ka ja miƙe, bayan ka tabbata ba kowa a bayanka. Kuma ba mai zuwa ɗebo kibau sai kowa ya ajiye bakansa.

KUNNE DA DAFI

Duk raunukan nan da mu ka lissafa, in da kibiya marar kunne a ka yi su, yawancinsu a wanke a ɗaure ne. Kunne da dafi su ke mai da ƙaramin abu babba.

Maƙeri ya yi wa kibiya kunne don kada ta fita daga jikin dabba. Kunne kuwa bai san bambancin gada da hannun mai shi ba. In ta shiga, ba ta fitowa ta hanyar da ta bi sai ta yago abin da ta tarar. Ina amfanin kunne a jikin buhun ɓuntu? Buhu ba ya gudu.

Dafi ya fi wannan muni. Abin da a ka fi dafa shi da shi a ƙasarmu shi ne 'ya'yan kwankwani, waɗansu su ƙara da ruwan tinya da sauran abubuwa, har da ruɓaɓɓu. Tinya tana ƙona fata, in ta shiga ido kuwa ba a magana. Kwankwani shi zuciya ya ke kamawa, ya rikita bugunta har ta tsaya. Bushewa ba ta kashe shi, kibiyar da ta shekara a kwari ba a ce ta huce ba.

Ga wani labari da ke nuna ƙarfinsa. Wani likita Bature, John Kirk, ya raka David Livingstone tafiyarsa ta Kogin Zambezi tsakanin 1858 da 1863. Mutanen can suna dafa dafin kibiya da wani tsiro ɗan'uwan kwankwani. Kirk ya ajiye ɗan dafin a aljihun da ya ke sa abin goge haƙoransa. Da ya goge baki sai ya ji ɗaci, ya kuma lura bugun zuciyarsa ya ragu. Daga wannan ne masana su ka bi diddigi, har a 1885 Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara ya shigar da abin cikin magungunan ciwon zuciya, a na ba da shi ɗan mitsitsi bisa awo. To, in ɗan abin da ya shafi burushi ya taɓa zuciyar ƙaton mutum ta baki, yaya wanda ya shiga jini kai tsaye ta yankan yatsa? Yaya kuma in yaro ne ɗan shekara goma sha biyu?

Don haka kibau masu dafi su zauna cikin kwarinsu dabam, da murfi, da wata alama da kowa a gidan ya sani, a rataye inda hannun yaro ba ya kai. Kada su je filin koyo ko da a kafaɗar malamin ne. Mai shafa dafi kuma kada ya yi aikin da miki ko tsaga a hannu, in ya gama ya wanke da sabulu kafin ya taɓa goro ko tuwo.

CIWON SARƘEWAR HAƘORA

Akwai wani dafin da ba maharbi ne ya dafa shi ba, yana kan kowace kibiya da ta taɓa ƙasa. Shi ne ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora, wanda likitoci ke kira tetanus. Mutane su kan ce tsatsa ke kawo shi. Tsatsa ba ta da laifi, ƙwayar a cikin ƙasa ta ke zaune, da kashin doki da na shanu da na awaki, watau dai a cikin takin da mu ke kai wa gona da kanmu. Ba ta son iska. Shi ya sa rauni mai faɗi da ya zubar da jini a ka wanke bai cika kawo ta ba, sai ɗan siririn huji mai zurfi wanda bakinsa ya rufe da wuri, irin na kibiya da ƙaya da ƙusa.

Ciwon ya kan bayyana tsakanin kwana 3 da kwana 21 bayan rauni, sau da yawa ma an manta da raunin. Muƙamuƙi ya riƙe, wuya ya sandare, haɗiya ta gagara, daga nan jiki duka ya riƙa ɗaurewa. Bisa ga bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum 100 da ya kama, tsakanin 10 da 70 ke mutuwa, gwargwadon shekarunsu da irin jiyyar da su ka samu. Wanda ya tashi ma bai tsira daga sake kamuwa ba, sai ya yi allura.

Allurar rigakafinsa kuwa tun 1924 a ka samo ta. A Nijeriya a na yi wa jarirai ita a mako na 6 da na 10 da na 14, a na kuma yi wa mata masu ciki wajen awo. Wa a ka bari a baya? Magidanci, wanda shi ne kullum hannunsa ke cikin taki da ƙarfe. Babban da bai taɓa yi ba, ga yadda a ke yi: allura ta farko, ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, sa'an nan biyu a tsakanin shekara guda guda. Uku na farko suna tsare mutum shekara 5 ko fiye, biyar ɗin kuwa shekaru masu yawa. Ra'ayinmu shi ne duk wanda zai ɗauki baka ya fara zuwa asibitin garinsu ya nemi wannan allura. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA MASU GARDAMA KE CEWA

Mun san akwai dattawan maharba da ba za su yarda da mu nan da nan ba, kuma maganarsu ba ta banza ba ce.

Na farko zai ce, kibiya marar kunne ba ta tafiya kamar ta gaske, wanda ya saba da ita zai kuskure ran da ya ga nama. Akwai gaskiya a nan. Kibiyar da a ka sa wa guntun itace a baki, ko a ka bar ta ba ƙarfe, lalle tafiyarta dabam ce. Amma abin da ke sarrafa tafiyar kibiya nauyin bakinta ne da tsawonta da ƙarfin kyauronta. Sai a kai wa maƙeri kibiyar farauta a ce ya ƙera wata mai nauyinta daidai, ba kunne, bakin a dakushe. A ɗora su biyun a kan yatsa, in wurin da su ke daidaita ɗaya ne, a tazarar da mu ke harbi ba za ka ga bambancin da zai sa ka rasa zomo ba. In farauta ta matso, ƙwararre ya gwada 'yan kibansa masu kunne, marasa dafi, sau biyu ko uku don ya tabbata. Wannan ba koyo ba ne, duba kayan aiki ne.

Na biyu zai ce, ɗaura fata a hannu aikin matsorata ne, kakanninmu ba su yi ba. Baka dai ba abin rainawa ba ne a tarihinmu. A yaƙin Tabkin Kwatto a 1804 jama'ar Shehu Usmanu dawakinsu kaɗan ne, maharba ne su ka tsaya wa dawakin Gobir. A 2014 ma mafarauta na cikin waɗanda su ka taimaka a ka ƙwato Mubi. Mutanen da al'umma ke dogara da su haka, yatsunsu dukiyar gari ce, tsare ta kuwa ba tsoro ba ne. Mu duba waɗanda su ka fi kowa iya harbi a duniya yau. Tun da a ka mai da harbin baka cikin wasannin Olamfik a 1972, za ka ga masu gasa da abin tsare hannu da fatar yatsu, kibansu kuma ba kunne. Daga mita 70 su ke harbi. Matan Koriya ta Kudu sun ci zinariyar ƙungiya sau 10 a jere, daga 1988 zuwa 2024, da fatarsu a yatsu. Wanda ba ya tsoron dukan tsirkiya shi ke tsai da hannu, wanda ya tsai da hannu shi ke samun abin da ya auna.

Na uku zai ce, ai muna da makari, muna da maganin ƙarfe. Ba mu zo jayayya da abin da mutum ya gada ba. Tambaya ɗaya za mu yi. Yaron da ya fara koyo jiya, shi ma an dafa shi? In ba a dafa shi ba, don me za a miƙa masa kibiyar da sai dafaffe ke taɓawa? Kuma ko mai makarin, ba mu taɓa jin makarin da ke ɗinke tsinkakkiyar jijiya ba.

IN ABIN YA RIGA YA AUKU

Kowa ya riƙe waɗannan, ya kuma gaya wa na gida.

1. In kibiya ta shige ta tsaya, kada a zare ta, kada a murɗa ta. A tare ta da tsumma mai tsabta ta kowane gefe don kada ta motsa, a ɗaure, a tafi asibiti da ita a jiki.

2. In yanka ne yana jini, a danne da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa, a ɗaga hannun sama da ƙirji.

3. In jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa da sabulu. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko garin taba, ko baƙin mai. Mai yin haka da hannunsa ya ke shuka sarƙewar haƙora.

4. A cire zobe tun hannu bai kumbura ba.

5. A gwada kowane yatsa, ya lanƙwashe gaɓa gaɓa, ya miƙe, a taɓa kansa a ji ko yana ji. In ɗaya ya ƙi motsi ko ya mutu, jijiya ta taɓu, a nemi babban asibiti a ranar. Irin wannan aiki a na yinsa a manyan asibitoci kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda a ka buɗe a 1959.

6. In da dafi a kibiyar, kada a tsaya jiran alama. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa da baki. A wanke, a hana mutumin gudu ko tafiya mai nisa, a ɗauke shi a abin hawa. A gaya wa likita gaskiyar abin da a ka dafa dafin da shi, gama a nan ɓoye sirri na iya cin rai. Amai, da jiri, da bugun zuciya da ya ragu ko ya rikice, alamu ne na ya shiga jini.

7. Kome ƙanƙantar huji, a tambayi allurar tetanus a ranar. Wanda ya shekara 5 rabonsa da ita, in raunin mai zurfi ne ko mai datti, a kan sake yi masa. Wanda bai taɓa yi ba, a faɗa wa likita, don akwai wata allura dabam da a ke ƙara masa.

8. In bayan kwana biyu ko uku yatsa ya kumbura ya lanƙwashe, miƙe shi na sa kuka, ko zazzaɓi ya zo, mugunya ta taru a ciki. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa.

WA ZAI ƊAUKI NAUYIN GYARA?

Wannan ba aikin Gwamnati ba ne, ba ya bukatar doka daga Abuja ko Yamai. Mutum huɗu ne a kowane gari za su iya gama shi kafin damina.

Sarkin Baka shi ne na farko, domin maganarsa ce maharba ke ji. In ya ce daga yau ba mai zuwa filin koyo da kibiya mai kunne ko mai dafi, kuma ba yaron da zai harba sai babba na tsaye, an gama rabin aiki. In ya ƙara da cewa ba mai bin gangar farauta sai ya nuna katin allura, to, ya ceci rayukan da ba zai taɓa sanin adadinsu ba. Muna roƙon dagatai da masu unguwa su tuna masa.

Na biyu maƙeri. Kibiyar koyo ta fi ta farauta sauƙin ƙira, tun da ba fitar da kunne ba wasa kaifi. Ya ƙera su da yawa ya sayar da araha, zai ga ciniki.

Na uku ɗan kasuwa mai kasa kibau da kwari ran kasuwa. Ya ware na koyo gefe guda, ya ajiye fatar hannu kusa da su. In yaro ya zo saye, ya tambaye shi ɗan wane ne, ya ba shi marar kunne. Ya kuma duba kyauron da ya kwana biyu a rumfa kafin ya miƙa wa mutum.

Na huɗu shi ne kai mai karatu, ko akawu ne kai, ko malamin makaranta, ko malamin gona. Da yawa cikin waɗanda maganar nan ta shafa ba su karanta jarida. In ka je gida ran hutu, ka zauna a dandali ka karanta musu, musamman abubuwa takwas ɗin nan na sama. Ka sa a kawo kwari guda a zazzage a gaban kowa, a tanƙwara kibau ɗaya ɗaya a saurara. Abin da za a samu a ciki zai fi duk abin da mu ka rubuta shiga kunne.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Farashin kyauro guda da guntun ƙirgi bai kai na mudun gero ba, amma yatsa ɗaya na iya cin rumbu guda. Allah ya kiyaye hannuwanmu, ya kai mu damina lafiya. Sai mako mai zuwa.